Shaidar da Rahina ta bari a kaina

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar ƙanwata Rahinatu, wadda kowa ya fi sani da Rahina. Ta rasu ne a irin wannan lokacin, ana tsakar yankan dawa. Duk shekara idan kaka ta zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in sake ajiyewa, don ban san me zan faɗa wa mutanen da ba su san ta ba. In ce mutuniyar kirki ce? Ai kowane mamaci mutumin kirki ne a shafin jarida. Bana dai na sami abin faɗa, kuma ba abin da zai ƙara mini girma a idon mai karatu ba ne.

Sunana Haruna, malamin gona ne ni. Na kusa shekara talatin ina yawo a kan babur tsakanin Malumfashi, Ƙarfi da Dayi, ina faɗa wa mutanen da suka fi ni iya noma yadda za su yi noma. Na girmi Rahina da shekara goma sha huɗu, ni nake kai ta makarantar firamare a bayan kekena. Ta yi karatun kwamfuta a Zariya, ta yi aure a Funtua, sannan ta kama aiki da wata haɗakar ƙungiyoyin manoma wadda ni ma nake yi wa aikin rajistar gonaki. Haka Allah ya haɗa wa da ƙanwa a wurin aiki guda. Ita ce take gina abin da zan riƙa cikawa, ni kuma ina cikawa ina mita.

Kafin zuwanta, rajistarmu tana cikin manyan littattafai ne masu baƙin bango, waɗanda gara ta fi mu karantawa. Ita ce ta kwashe su ta zuba a abin da suke kira tebur. Kowace gona tana da layi ɗaya a ciki: inda take, girmanta, sunan mai ita, sunan mai noma ta, da abin da aka shuka. Teburin ba a ofishinmu yake ba. Yana kan wasu manyan kwamfutoci na haya a can wata duniya, abin da masu wannan sana'ar suke kira gajimare, mu kuma muna shiga ta wayoyinmu daga bakin gona. Na sha tsokanarta cewa manomi bai san wani amfanin gajimare ba in ba ruwa ba. Takan ce to in kwantar da hankalina, wannan ma zai yi mini ruwa wata rana.

Abin da ya dame ta game da teburin shi ne ba ya tuna jiya. A littafi, ko ka soke suna da biro ka rubuta wani a sama, sukar tana nan, kuma mai ido zai ga tsohon sunan ta ƙarƙashi. Tebur kuwa ba ya barin tabo. Kana canza suna, tsohon ya tafi kamar ba a taɓa rubuta shi ba. Mu ma'aikatan karkara mun fi ashirin, kowa da wayarsa, kowa yana canza abin da ya ga ya dace. Ni a lokacin ina ganin wannan shi ne daɗin abin, an rabu da ƙazantar soke-soke. Ita kuma ta ce nan ne bangon ya tsage.

Sai ta gina wani abu da ta sa wa suna magudana. Duk sa'ad da wani ya ƙara layi, ko ya canza, ko ya cire, nan take labarin yake fita ta wannan magudanar: ga yadda layin yake a da, ga yadda ya koma. Ta bayyana mini cewa irin wannan magudanar ba ta riƙe abu da daɗewa, wuni da kwana ne kawai ya wuce, don haka ta haɗa wani abin da yake tarar duk abin da ya biyo ta ciki yana zubawa a wata ma'ajiya daban. Wannan ma'ajiyar ta kira ta rumbu, kuma ta yi ta yadda sai dai a zuba, ba a ɗiba a zubar. Bayan haka ta ƙara gurbi biyu a teburin, ɗaya na sunan wanda ya yi canjin, ɗaya na dalili. In ba ka rubuta dalili ba, waya ba za ta bar ka ka wuce ba. Wannan gurbin na dalili ya jawo mata zagi a bayan ido fiye da komai, kuma rabin zagin daga bakina ya fito.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda ta yi aikin. Abokan aikinta sun ce duk wannan ana iya kunna shi cikin minti biyar, a buɗe shafin masu hayar kwamfutocin, a danna nan a danna can, an gama. Rahina ta ƙi. Ta zauna kwana da kwanaki tana rubuta komai a rubuce, da irin rubutun umarnin nan da suke kira kod, wanda na'ura take karantawa ta gina abin da aka bayyana mata. Wata rana da hantsi na tarar da ita a ƙarƙashin bishiyar bedi, wato dogon yaro, a harabar ofishin Funtua, kwamfuta a cinya, na ce mata aikin minti biyar ne take yi wa sati guda, ko dai neman suna ne. Ta matsa mini a benci ta ce in zauna.

Ta bi da ni layi layi da yatsa. Wannan layin sunan teburin ne. Wannan yana cewa a buɗe masa magudana. Wannan yana faɗin me za a aiko ta cikinta, domin akwai zaɓi: ana iya cewa a aiko da lambar gonar kawai, ko sabon bayanin kawai, ko tsohon kawai, ita kuwa ta ce a aiko da tsoho da sabo tare. Wannan yana faɗin inda za a zuba. Wannan yana faɗin wa ke da izinin karantawa. Sai wani gajeren layi a ƙasa, wanda ta ce ma'anarsa ita ce, ko da wata rana an ba da umarnin rushe duk abin da wannan rubutun ya gina, a bar rumbun a tsaye. A saman kowane sashe ta yi bayani da Hausa tsantsa, don wanda zai karanta.

"Yaya, in na danna da hannu, ni kaɗai na san abin da na danna, ni ma bayan wata uku na manta," in ji ta. "In na rubuta kuwa, duk wanda ya zo bayana zai karanta ya san abin da aka yi da dalilin yin sa. Na'ura kuma za ta sake gina shi daidai ko sau nawa aka ce ta yi."

Na ce, "To ke ina za ki da kike ta maganar bayanki?"

Ta yi dariya ta rufe kwamfutar, muka sayi gyaɗa dafaffiya a bakin ƙofa muka ci. Wannan tambayar tawa ta daɗe tana dawo mini.

Yanzu bari in zo kan nawa aikin. A ƙasarmu aron gona tsohon abu ne. Mutum ya tsufa ko ya yi rauni, ko 'ya'yansa sun tafi birni, sai ya ba maƙwabcinsa gona ya riƙa nomawa. Ba takarda, ba shaida sai ta idon gari. Abin da ke riƙe maganar shi ne duk kaka mai aro zai kai wa mai gona damin dawa ɗaya ko biyu har ƙofar gida, da rana tsaka, kowa yana gani. Ba don damin ya kai wani abu ba ne, don dai a tuna wa juna da mutanen unguwa cewa zanen aro ba ya rufe katara.

A Ƙarfi akwai wani dattijo, Malam Garba, wanda ciwon ƙafa ya zaunar. Yana da gona mai kyau a gefen rafi, ya ba maƙwabcinsa Malam Idi aro, shekaru suna tafiya lafiya, dami yana zuwa. A teburinmu an rubuta daidai: mai gona Garba, mai nomawa Idi. Sai wata shekara aka kawo ingantaccen irin masara, masu bayarwa kuma suka kafa sharaɗin cewa sai wanda sunansa ke gurbin mai gona za a ba, kuma sai ya zo da ƙafarsa. Malam Garba ba ya iya zuwa, ba kuma shi ke noma ba. Malam Idi ke noma, amma ba shi cikin lissafin. Na je na sami Malam Garba a zaurensa na yi masa bayani, ya ce, "Sa sunansa, Malam. In an gama rabo ka mayar." A nan zauren na ciro waya na canza. Da ta tsaya tana neman dalili, na yi tsaki na rubuta: don rabon iri kawai, da izinin Malam Garba, za a mayar.

Ba ni kaɗai nake yin haka ba. Duk malamin gonar da ya san aikinsa ya taɓa lanƙwasa rajista don manomi ya sami abin da ya cancanta, kuma muna ɗaukar hakan taimako ne. Har yau ban ga laifina a canjin farko ba. Malam Idi ya sami iri, masara ta yi kyau, Malam Garba ya sami dami har da ƙarin buhu. Laifina shi ne ban mayar ba.

Rahina ta gani, tunda komai yana bi ta magudanarta. Bayan kamar wata biyu ta tare ni a ofis ta ce, "Yaya, gonar Malam Garba fa." Na ce zan yi. Ta sake tuna mini ranar Sallah a gidan mahaifiyarmu, a gaban matata da ƙannenmu, a hankali ta faɗa, amma raina ya ɓaci. Na ce mata ita da ba ta iya bambanta dawa da maiwa a tsaye ba ce za ta koya mini hulɗa da manoma, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na ƙara da cewa in abin ya dame ta haka, ta mayar da kanta mana. Ta ce ba za ta iya ba, don a cikin rubutun nan ta hana kanta izinin taɓa bayanan gonaki, aikinta gina hanya ne kawai. Na ce to ta bar ni da nawa aikin. Ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma saboda taurin kai na ce sai na ga dama. Da kaka ta kama ta kwanta ciwo, kwana tara Allah ya karɓi abinsa. Ta bar miji da 'ya'ya biyu.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga yadda abubuwa suka koma a yau. Aron gona ya ƙaru ninkin ba ninkin a wannan yankin, domin rashin tsaro ya sa mutanen wasu ƙauyuka sun baro gonakinsu na daji sun matso kusa da gari, suna noma abin da aka ara musu, tasu kuma suna can a hannun wanda ya rage. Wasu sun yi damina uku ba su ga gonarsu da ido ba. Wanda zai kai dami ba ya nan, wanda za a kai wa ma ba ya nan. Ranar da hankali ya kwanta kowa ya koma, za a yi tambayoyi masu yawa a zaurukan dagatai, kuma yawancin dattawan da za su amsa ba za su kai lokacin ba. Ita ba ta san wannan zai zo ba. Ta dai san cewa mutane suna mantuwa, wasu kuma suna yin kamar sun manta.

An kuma gaya mini cewa yanzu matasan da ke wannan sana'ar na'ura suke sa wa ta rubuta musu kod ɗin, su dai su faɗa mata abin da suke so. Ina jin Rahina ba za ta ƙi wannan ba, don ba ta da son wahala don wahala. Amma na san tambayar da za ta yi: kun karanta abin da ta rubuta muku kuwa? Za ta nemi layin da ke cewa a aiko da tsoho da sabo, za ta nemi layin da ke hana rushe rumbu, in babu ta mayar musu da abinsu. Wani abin da zai yi mata daɗi shi ne an daina wancan sharaɗin, yanzu mai noma gona shi ake ba iri ko ba tasa ba ce. Ita ta fara kawo wannan shawarar a taro, aka ce ta tsaya kan kwamfutarta.

Shekara guda bayan rasuwarta haɗakar ta sami sababbin masu tallafi, aka ce a tashi daga tsohon wurin hayar kwamfutocin a koma sabo, a rushe na da gaba ɗaya. Wanda ya gaji kujerarta shi ne Tunde, abokin aikinta, haifaffen Funtua ne, mahaifinsa yana sayar da kayan gyaran mota, kuma Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'ya'yana. Shi ya ba ni labarin yadda ƙaurar ta kasance. Duk abin da wasu suka kunna da danne-danne, kamar tsarin aika wa manoma saƙon yanayin ruwa, ya bi ruwa, aka yi wata guda ana lalube don ba wanda ya tuna yadda aka saita shi. Na Rahina kuwa, ya ɗauki rubutunta ya ba na'ura, kafin azahar tebur da magudana sun tsaya a sabon wuri yadda suke. Da aka ba da umarnin rushe tsohon, komai ya tafi ban da rumbun, saboda wancan gajeren layin. Tunde ya ga an bar shi, ya karanta bayanin da ta yi a samansa, ya ƙyale shi. Ba wanda ya sake waiwayarsa.

A Ƙarfi kuma rai ya yi halinsa. Malam Garba ya rasu, bayan shekara biyu Malam Idi ya bi shi. Dami ya daina zuwa. Matar Malam Garba, Goggo Ladi, tana riƙe da jikoki huɗu marayu na ɗanta da ya rasu, babbansu ya isa riƙe fartanya, sai ta aika wa Sale, babban ɗan Malam Idi, cewa tana son gonar ta dawo. Sale ya ce gonar mahaifinsa ce, saya ya yi. Ba na tsammanin ƙarya ya shirya. Ya tashi ya ga mahaifinsa yana noma ta, damin kuma yana ɗauka sadaka ce ake kai wa tsoho mara lafiya. Magana ta kai gaban dagaci, dagaci ya aiko a kawo masa abin da rajistar ƙungiya ta ce. Aka buga takarda daga tebur, ta ce mai gona Idi, dalilin da na rubuta kuwa canje-canjen da suka biyo baya sun riga sun shafe shi. Aka kawo mini in sa hannu a matsayina na malamin gonar yankin.

Da na so in kare kaina, sai in ce na manta. Ban manta ba. Ina ganin sunan na tuna zauren, na tuna muryar Malam Garba, na tuna ranar Sallah. Amma in na yi magana, dole in tsaya a gaban dagaci da shugabannina in ce ni na canza rajista da hannuna na bar ta haka shekara da shekaru, ni da ake kira in raba gardamar iyaka saboda an yarda da ni. Sai na ce wa zuciyata ai akwai dattawan da suka san da damin, za su faɗa. Na sa hannu. Dattawan da suka sani kuwa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, sauran suka yi shiru don kada su ɓata da gidan Malam Idi, tunda ga takarda ta yi magana. Goggo Ladi ta yi damina biyu ba gona, tana ciyar da yara huɗu da abin da ta samu a sussuka da surfen mutane. Ina wucewa ta ƙofar gidanta a kan babur, in ɗaga hannu, ta amsa.

Bana, kafin ruwan farko, Goggo Ladi ta hau mota ita kaɗai ta zo Funtua. Ba ta nemi shugaba ba, ba ta neme ni ba. Ta tambayi wane ne mai kula da na'urar, aka nuna mata Tunde, ta zauna a bencin ƙofar ofishinsa har ya fito. Shi ya faɗa mini abin da ta ce masa: "Ɗana, na ji an ce takardarku ta ce Idi. To ita na'urar taku ba ta tuna abin da ta ce kafin ta ce Idi?" Ya ce mata ta dawo bayan kwana biyu.

Washegari da safe ya kira ni ofishinsa, ya tura ƙofa, ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Ya ce, "Malam Haruna, zo ka gani." Ga lambar gonar. Ga ranar da sa'ar. A da: Garba. Yanzu: Idi. Wanda ya canza: sunana cikakke. Dalili: don rabon iri kawai, da izinin Malam Garba, za a mayar. Kalmomina ne, har da kuskuren rubutun da na yi don haushi. Sannan na yi tambayar da har yau nake jin kunyarta. Na ce ba za a iya fitar da takardar ba tare da gurbin sunan wanda ya canza ba?

Tunde bai ɗago ya dube ni ba. Ya ce, "Zan iya buga ta haka, Malam. Amma asalin yana nan, ni ba ni da ikon taɓa shi, kuma in dagaci ya tambaye ni wa ya yi, zan faɗa. Kai ka san wadda ta tsara shi haka."

Na sani. Na ce ya buga ta yadda take, ya ba ni, ni zan kai.

Ranar da aka zauna a zauren dagaci, na roƙi a bar ni in karanta da bakina. Na karanta tun daga sama har ƙasa, na kuma ƙara abin da ba ya cikin takardar: cewa an tuna mini sau biyu ban mayar ba, kuma ranar da na sa hannu a takardar farko ina sane. Dagaci ya tambayi Sale ko yana da wata shaida ta ciniki, ya ce babu sai waccan takardar. Sannan Sale ya dube ni ya ce, "Malam, da ka faɗa tun farko, da ban ɓata da gidan da na tashi ina cin tuwonsa ba." Ashe ba gida ɗaya na cuta ba, biyu ne. Aka yanke gona ta koma ga magadan Malam Garba, Sale bai ja ba. Da muka fito na durƙusa gaban Goggo Ladi na nemi gafara. Ta gyara mayafinta ta ce, "Malam Haruna, damina biyu fa." Ta wuce.

In ana yabon mamaci a wurinmu, akan ce mai rufa asiri ne. Rahina ta rufa mini asiri da yawa tana raye, ta san abubuwan da ko matata ba ta sani ba, ba ta taɓa fitar da ɗaya ba. Amma a wannan aikin ba ta bar wa kowa ƙofar baya ba, ko yayanta, ko ita kanta. Da farko na ji zafinta, wallahi na ji, har na kwana biyu ina cewa yarinyar da na goya ce ta tona ni daga kabari. Daga baya na gane ba ta san a kan wa shaidar za ta faɗa ba lokacin da take rubuta ta a gindin bedi. Ta rubuta ne don wanda ba shi da mai tsaya masa, kuma da ta ga sunana ya biyo ta magudanar, ta zo ta gaya mini a fuska har sau biyu, tun ina da damar gyarawa ba wanda ya ji. Gaskiya ɗaci gare ta, amma ni na bar ta ta daɗe har ta ƙara ɗaci.

Ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba. Sunanta ba ya jikin wani gini, manoman da ke cikin teburin ma yawancinsu ba su taɓa jin sa ba. Abin da ta bari shi ne shafi biyu ko uku na rubutu, wanda Tunde ya ce har yau ba su canza komai a cikinsa ba sai sunan wurin haya, da 'ya'ya biyu da ke karatu, babbar tana da irin kallon nan nata mai sa mutum ya gyara zancensa. Na ajiye aikin sa hannu a takardun rajista da kaina, na koma abin da na fi iyawa, wato duba tsutsa a ganyen masara. Wasu abokan aikina sun ja baya da ni, wasu kuma sun zo a ɓoye suna tambayar Tunde yadda za su duba canje-canjen da suka yi a baya, don su gyara tun ba a zo ba. An mayar da gonaki da dama a wannan daminar ba tare da an je zauren kowa ba.

Allah ya jiƙan Rahina, ya haskaka makwancinta, ya sa abin da ta rubuta ya zama mata sadaka mai gudana. Ni kuma ina roƙon mai karatu ya haɗa ni a addu'ar, don na fi ta bukata.

Shekaranjiya na bi ta Ƙarfi. Gonar gefen rafi ta yi masara da waken suya, jikokin Malam Garba suna ciki suna karya, Goggo Ladi tana zaune a bakin kunya tana ɓare masarar. Na tsayar da babur na yi sallama, na yi musu barka da aiki. Yaran suka amsa. Ita ma ta amsa, amma ba ta ɗago kai ba, kuma ban ga laifinta ba.